Baiti na Ashirin da Ɗaya

Hillat Bakhit gari biyu ne da suna ɗaya.
Magudanar ruwan auduga ta raba shi
kamar wuƙa a jikin kabewa:
gabas jan bulo da hasken lantarki,
yamma mu, 'yan kambo, bukkar kara da hayaƙi.
Gadar kuwa bututun ƙarfe ne guda,
in ka zame, kai ka jiyo.

Kakanmu ya baro Haɗeja a ƙafa, Makka ya nufa.
Guzuri ya ƙare masa a ƙasar Jazira,
ya ce bari ya tsinki audugar kaka ɗaya.
Kaka saba'in ke nan.
Har yau yara na bin mu da "Fallata",
sai ka ce jiya muka sauke kaya.
Ko a maƙabarta an ja shinge,
wai matattunsu ba sa son maƙwabtaka.

Kawu Ilu ne mai gadin famfo.
Dare duk nasa ne: injin na tari, shi yana rubutu
a tsofaffin rasiɗan awon auduga,
fuska ɗaya Larabci, ɗaya ajami.

Wajen Sittana mai shayi akwai kofi mai tsagaggen baki,
ƙarƙashin benci yake kwana.
Namu ne.
Kawu kan sha da shi, ya wanke da kansa,
ya ce, "Tanimu, shayin dai ɗaya ne."

Abin da ba a faɗa a gabas:
in duhu ya rufa, su ke tako bututun.
Mai neman aure, mai ƙara a kotu.
Ranar da Umda ya rasu
ɗansa Attayib ya zo, rawani har hanci,
ya sayi marsiyya da mudu uku na dawa.
Ya karanta a zaman makoki, maza suka zubar da hawaye,
aka ce ai fasaha a jini take.

Daren Alhamis sha'irai ke haɗuwa a kulob.
Kawu ya sa jallabiyar Idi, ya ba ni riƙon fitila.
Gwiwoyina na kaɗawa a kan bututun.
Nasa ko gezau.

Mai ƙofa ya ce, "Masu shara da safe suke zuwa."
Kawu ya ce, "Baiti na kawo."
Aka yi dariya har da dukan cinya,
aka ce a bar shi, an samu abin nishaɗi.

Ya soma marsiyyar Umda.
Bai kai tsakiya ba aka tashi:
"Ɓarawo! Ta Attayib ce!"
Kawu ya ce, "To ya ƙarasa mana.
Baiti ashirin da ɗaya ce, ashirin na sayar."
Attayib ya tsura wa takalminsa ido.

Sai Kawu ya faɗi na ƙarshen,
wanda ke cewa hannun 'yan kambo ne ya haƙa kabarin,
kuma da ƙasa ta buɗe baki
ba ta tambayi kakan kowa ba.
Ya sake faɗinsa da Hausa, a hankali,
don tsohon da ke kwance bayan shinge.

Ba wanda ya tafa.
Fanka kaɗai ke motsi.
Wani dattijo ya goge ido da bakin rawani,
ya ɗora wa hayaƙin taba laifi.
Da muka fito dutse ya biyo mu, ya fasa fitilar.
A duhu muka ƙetare.

Sati bai zagayo ba aka karɓe gadin famfo.
Yanzu tare muke duƙawa a gona,
ƙayar auduga na cin yatsun da ke riƙe alƙalami.
Kofin na nan inda yake.

Sai dai jiya da hantsi, kowa na kallo,
wata 'yar gabas mai rigar makaranta
ta tako bututun, takalmi a hannu,
littafi a ka don kada ya jiƙe,
tana tambayar matan da ke wanki
ina bukkar mai baiti na ashirin da ɗaya.